Na buɗe kwamfutar yayana, yanzu ta ƙi tashi

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a wurin yayana. Shi mai zanen gine-gine ne, kuma duk aikinsa yana cikin wata kwamfutar tebur da ke ɗakinsa. Da zai yi tafiya ya ba ni izinin in riƙa aikin makaranta da ita, amma ya ja mini kunne kada in saka mata komai, kada in cire komai. Na ga tana nauyi, sai wani abokina ya ba ni RAM, ɗan siririn katin nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa, wanda ba ya amfani da shi, ya ce in ƙara mata za ta yi gudu. Niyyata in ba Yaya mamaki idan ya dawo. Na buɗe ta, na kakkaɓe ƙura, na saka. Da na kunna sai fankoki suka tashi, fitila ta kama, amma allo baƙi ƙirin, yana rubuta "No Signal", ita kuma tana ta ƙara tit, tit. Na cire wanda na saka, na mayar da komai yadda na same shi a ganina, amma har yau haka take. Barci ya ƙaurace mini. Zanen mutane na shekaru yana ciki, har da wanda zai miƙa da zarar ya dawo mako mai zuwa. Abokin nawa ya ce ko dai mu kai wa wani da ya sani ya yi mata fomat a sake zuba Windows, ko in ce wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona ta. Yaya shi ke ɗauke da karatuna, bai taɓa hana ni komai ba. Ina tsoron in faɗi gaskiya ya daina yarda da ni. Ina mafita?

Wani ɗalibi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da abin da zai sa ka samu barci yau: idan alamun da ka zayyana haka suke, to zanen yayanka yana nan daram inda ya bar shi. Ban ce ba ka yi ɓarna ba, za mu zo nan. Amma ɓarnar da kake kwana kana hasashe, wato aikin mutane na shekaru ya salwanta, da wuya a ce ita ce ta faru.

Ga dalili. Idan aka danna maɓallin kunna kwamfuta, ba Windows take fara nema ba. Akwai wata 'yar manhaja da ke zaune a jikin modabod, babban allon nan da komai ke maƙale a kansa, ana ce mata BIOS, a sababbin kwamfutoci kuma UEFI. Aikinta na farko ta bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar kowa ya amsa: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da RAM, da katin hoto mai aika hoto zuwa allo. Sai kowa ya amsa sannan ta waiwayi faifan ajiya ta ɗauko Windows. Idan wani bai amsa ba, nan take cijewa, kuma tunda ba ta da halin rubuta maka komai a allo, sai ta yi ƙara. Ƙarar nan da ke tsinka maka zuciya, a wurin mai gyara albishir ce, domin tana nufin wuta na shiga, kuma modabod ɗin yana da sauran ran da zai yi ƙorafi. A wannan matakin kwamfutar yayanka ta tsaya. Ko kusa da faifan ajiya ba ta je ba, kai ma ba ka ce ka taɓa shi ba. RAM kuwa ba ya ajiye fayil ɗin kowa. Da an ɗauke masa wuta yake mance duk abin da ke cikinsa, haka aka ƙera shi.

Da wannan kaɗai ka ga inda shawarar fomat ta kwana. Fomat faifan ajiya yake shafewa, ɓangaren da muke kyautata zaton lafiyarsa ƙalau, wanda kuma abin da ke cikinsa ne kaɗai kuɗi ba sa dawo da shi. Sannan ba zai gyara komai ba, tunda matsalar tana faruwa tun kafin a kai ga Windows. Kwamfutar da ba ta nuna hoto, ta ina ma za a zuba mata Windows? Sai dai a cire faifan a kai shi wata na'urar a shafe, a dawo da shi, a kunna, a sake jin tit, tit ɗin nan, ga kuma zanen ya tafi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Ko wa ya kawo maka wannan shawarar, ka ce a'a.

Ban ɗauki abokinka mugu ba. Ya ba ka RAM don ya taimaka, yanzu kuma shi ma gabansa na faɗuwa, ya san kayansa ne silar abin, shi ya sa duk hanyoyin da ya kawo na binne magana ne. Ka gode masa, ka daina karɓar shawararsa a kan wannan batun, kuma kada ka ɗora masa laifin a gaban Yaya. Hannunka ne ya kwance murfin.

Batun cewa wuta ce ta ƙona ta, ba sai na yi maka wa'azi ba, wasiƙarka ta nuna zuciyarka ba ta karɓi ƙaryar ba, da ta karɓa da ba ka rubuto ba. Amma ka san ko ta fuskar dabara ba za ta kai ka ko'ina ba. Mutumin da yake zama gaban na'ura kullum ya san ta. Zai ga an share ƙurar fanka, zai ga sukurun murfi ba yadda ya ɗaure su ba. Mai gyara kuwa da ya leƙa ciki zai ce an taɓa nan. Mafi muni, ƙaryar za ta karkatar da gyaran. Wanda aka ce wa wuta ce, akwatin wuta, wanda ke raba wa kayan ciki lantarki, zai fara zargi, daga nan modabod, a yi ta sayen kayan da lafiyarsu ƙalau, alhali wataƙila RAM ne kawai bai zauna daidai ba. Kuɗin Yaya ne zai tafi a haka, ga lokacin da ba shi da shi.

Ka ɗan tsaya a matsayinsa. Da ya ce kada ka saka kada ka cire, ba rowa ba ce, kuma ba raina iyawarka ya yi ba. Mutanen da suka ba shi aiki amana suka ba shi, shi kuma ya ɗauki na'urar da amanar ke ciki ya bar maka, da sharaɗi ɗaya. Yana da haƙƙin ya ji haushi. Amma abin da ya fi buƙata yanzu lokaci ne, kuma shi kake cinye masa da shirunka. Idan ya ji yau, yana da mako guda: zai iya tuna ko yana da kwafin zanen a wani faifai ko a intanet, ya kira mai aikin ya nemi a ɗaga masa ƙafa, ya turo mai gyaran da ya yarda da shi, ko ya ce maka akwai garantin kamfani a kanta, kada kowa ya ƙara taɓawa. Idan ya ji ranar da ya dawo, duk waɗannan ƙofofin sun rufe.

Don haka ka kira shi yau, kafin ka sake ɗaukar sukuddireba. Kira, ba saƙon rubutu ba, ya ji muryarka. Ka tambaya ko yana da sararin magana, sannan ka faɗa kai tsaye: "Yaya, na yi laifi. Ka hana ni taɓa cikin kwamfutarka, na buɗe na ƙara mata RAM, yanzu tana kamawa amma ba ta nuna komai a allo. Ban taɓa faifan ajiya ba, ban kai ta wurin kowa ba. Na kira ne ka faɗa mini yadda kake so a yi." Kada ka fara da cewa mamaki ka so ba shi. Gaskiya ce, amma a farkon magana kamar neman mafaka za ta fito. Ka bari sai ya tambayi dalili. Idan ya yi faɗa, ka saurara har ya gama, kada ka katse shi da bayani. Idan ya kashe wayar, ka ba shi 'yan sa'o'i sannan ka tura masa hoton cikin kwamfutar da ɗan bidiyon ƙarar da take yi. Ba zan yi maka alkawarin zai huce nan take ba. Mai yiwuwa ya ɗan janye maka na wani lokaci, mai yiwuwa ya hana ka na'urar. Wannan hukunci ne da ya yi daidai da laifin, kuma irinsa yana wucewa. Wanda yake daɗewa shi ne na ranar da zai gano da kansa cewa ka dube shi ka ce wuta ce.

In ya lafa, ka tambaye shi abu uku: ko yana da kwafin aikin a wani wuri, ko faifan a kulle yake, da kuma ko ya yarda ka gwada gyara ko ka bar ta yadda take. Tambaya ta biyun nan ba ƙarama ba ce. Windows na da wani kulle da ake kira BitLocker, kuma sababbin kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna zuwa da shi a kunne, mai na'urar ma bai lura ba. Idan aka sauya saitin BIOS, ko aka ɗauki faifan zuwa wata kwamfutar, yana iya neman mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na mai na'urar. Kai ba ka da shi, abokinka ba shi da shi, mai gyara ma haka. Ka ga ko gyaran a ɓoye kake so ka yi, hanyar na iya komowa ta kan Yaya.

Idan ya ce ka bar ta, ka bar ta. Ka zare wayarta daga soket, ka rufe murfin, ka jira shi. Idan kuma ya ce ka gwada, ga yadda za ka bi, da sharaɗin abu ɗaya za ka riƙa sauyawa sannan ka kunna ka gani. Wanda ya taɓa abu biyar a lokaci guda, ko ta tashi bai san me ya gyara ba, in ta ƙara lalacewa bai san me ya ɓata ba.

Ka fara daga waje, tun ba ka buɗe ba. Idan ka zare wayoyin baya lokacin da ka buɗe ta, to ina ka mayar da wayar allo? Kwamfutar mai zane yawanci tana da katin hoto na daban, saboda haka a bayanta akwai wurin saka wayar allo kashi biyu: na sama, kusa da ramukan USB, na modabod ne, na ƙasa, waɗanda suke a kwance, na katin hoto ne. Idan akwai kati, wayar a ƙasa take shiga. Mutane da yawa sun kwana cikin tashin hankali a kan wannan kaɗai. Shi kansa ba zai sa ƙara ba, amma yana iya ɓoye maka nasara: ka gyara ainihin matsalar, allo ya ci gaba da zama baƙi, ka ɗauka ba ka yi komai ba. Ka cire filash, firinta da duk wani abin da ke maƙale, ka bar kibod da allo kawai.

Kafin hannunka ya shiga ciki, ka kashe maɓallin da ke bayan akwatin wuta, ka zare wayar daga soket, sannan ka danne maɓallin kunnawa na kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Wannan ba camfi ba ne. Kwamfutar da aka kashe amma wayarta na jikin soket, akwai volt 5 da ke ci gaba da zagayawa a modabod ɗinta. Ka tuna da kyau: ranar da ka saka RAM ɗin, ka zare wayar? In ba ka zare ba, ka faɗa wa Yaya da mai gyara, domin a nan ne ake iya samun lahani na gaske. Ka kwantar da kwamfutar a kan tebur inda haske yake, ka taɓa ƙarfen jikinta da tafin hannunka don ka sauke wutar da jiki ke tarawa, ka ɗauki hoton ciki ta kowane ɓangare.

Yanzu RAM, wanda shi na fi zargi. Guraben RAM a jere suke, a matse da juna, kuma wanda yake kokawar cusa sabo yakan ture na kusa da shi ba tare da ya sani ba. Ɗagawar da ido ba ya gani ta isa ta hana kwamfuta tashi. Shi ya sa cire na abokinka bai wadatar ba. Ka buɗe 'yan kunnuwan robar da ke bakin gurbin, ka zare RAM ɗin Yaya gaba ɗaya, kana riƙe shi ta gefe, ban da haƙoran nan masu ruwan zinariya. Ka haska cikin gurbin da tocilan waya. Ƙurar da ka kakkaɓe wani wuri ta sauka, kuma ba mamaki nan ne. Idan ka ga datti ka fitar da shi da busasshen burushi mai laushi. Kada ka hura da baki, yawu na bin iska. Haƙoran RAM ɗin ka goge su da tsumma mai tsabta marar gashi. Sannan ka dubi 'yar tsagar da ke tsakanin haƙoran. Ba a tsakiya take ba, ta karkata gefe guda, kuma dole ta yi daidai da ɗan tudun da ke cikin gurbin. Ka daidaita, ka ɗora manyan yatsunka biyu a kan gefe da gefe, ka danna ƙasa da ƙarfin da ya fi wanda zuciyarka ke so, har ka ji ƙas, kunnuwan su rufe da kansu. Idan sai da ka tura kunnen da yatsa ya rufe, bai zauna ba. Wasu modabod ɗin kunne ɗaya ne ke buɗewa, ɗayan a kafe yake, kuma ɓangaren kafaffen nan ne ya fi yaudarar mutane.

Idan RAM ɗin Yaya biyu ne, ka saka ɗaya kawai ka kunna. Bai yi ba, ka kashe, ka zare waya, ka gwada ɗayan, sannan ka gwada wani gurbin. A modabod mai gurabe 4, na biyu daga furosesa aka fi so a fara cikawa. Kuma ka yi haƙuri bayan kowace kunnawa, don sababbin kwamfutoci masu RAM irin DDR5 sukan ɗauki mintoci allo na baƙi suna daidaita RAM bayan an taɓa shi. Na abokinka kuwa ka karanta takardar da ke jikinsa. DDR3, DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. Idan irinsa daban ne da na Yaya kuma ka tilasta shi, ka duba gurbin da kyau ko wani abu ya lanƙwashe ko ya tsage. Idan irinsu ɗaya ne, to da sauƙi. Akwai RAM da ke shiga gurbi lafiya amma modabod ya ƙi shi, kamar wanda aka ciro daga manyan kwamfutocin kamfanoni da ake kira saba (server).

RAM ya zauna amma ba ta tashi ba? Ka bi duk inda hannunka ya gifta ranar share ƙura. Katin hoto ka danna shi a gurbinsa, ka tabbatar wayar wutarsa mai baki 6 ko 8 ta shiga har maƙallinta ya kama. Babbar wayar modabod mai baki 24, da ƙaramar mai baki 4 ko 8 da ke can sama kusa da furosesa, su ma ka danna su. Wannan ƙaramar idan ta saki, fankoki na iya juyawa kamar komai lafiya amma furosesa ba ya samun wuta. Ka duba siririyar wayar fankar furosesa ma tana wurinta.

Ka kuma saurari abin da na'urar ke faɗa, don ƙarar ba hayaniya ba ce kawai. Ka ƙirga: doguwa nawa, gajeruwa nawa, tana maimaituwa ko tana tsayawa. Ma'anar ta bambanta tsakanin masu yin BIOS irin su AMI, Award da Phoenix, amma a kwamfutoci da yawa gajeruwa ɗaya tak na nufin komai lafiya, doguwa ɗaya da gajeru biyu na nuni ga katin hoto, doguwa mai ta maimaituwa kuma ga RAM. Dell da HP suna haɗawa da ƙyaftawar fitilar maɓallin kunnawa. Wasu modabod ɗin suna da 'yan fitilu huɗu da aka rubuta wa CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita ce inda aka maƙale. Ka nemi littafin wannan samfurin a shafin kamfaninsa, fassarar na ciki.

Mataki na ƙarshe da za ka iya yi a gida shi ne mayar da BIOS saitinsa na asali, kuma wannan sai Yaya ya sani, saboda batun mabuɗin nan. A jikin modabod akwai batir mai kama da kwabo, CR2032, mai volt 3, shi ke riƙe agogo da saiti. Bayan ka zare waya, ka tura ɗan ƙarfen da ya riƙe shi, zai ɗago. Ka bar shi waje kamar minti 5, ka mayar, fuskar da ke da alamar tarawa tana sama. Wani lokacin BIOS yakan rikice da saitin RAM ɗin da aka saka masa aka cire, wannan ke warware shi. Idan bayan haka hoto ya fito, ko da rubutu ne yana ƙorafin kwanan wata ko yana cewa bai ga faifan da zai tashi da shi ba, ka yi hamdala, ka wuce wurin da ya fi wuya. Sau da yawa saitin ne ya koma na masana'anta, ko wayar faifan ce ta saki. Ka ɗauki hoton rubutun ka tura wa Yaya. Idan Windows ya kawo maka zaɓin sake saita kwamfutar ko sake girka kansa, kada ka danna.

Akwai wuraren da ba naka ba ne. Akwatin wuta ba a buɗe shi, kafasitocin cikinsa na riƙe wutar da ke iya kashe mutum bayan an zare waya. Fankar furosesa da ƙarfen da ke ƙarƙashinta kada ka kwance su, akwai man da ke tsakani da sai an sake shafawa, ga ƙananan allurai masu saurin lanƙwashewa. Idan ka ji ƙaurin ƙuna, ko ka ga baƙin tabo a modabod, ko faifan ajiya yana wani ƙas-ƙas-ƙas da bai saba ba, ka zare waya nan take, gwajin gida ya ƙare.

Daga nan sai mai gyara, kuma Yaya ne zai zaɓe shi. Abin da mai gyara ya fi ka da shi kayan gwaji ne: yana da RAM, katin hoto da akwatin wuta da ya san lafiyarsu, zai musanya ɗaya ɗaya har ya kama mai laifin. Ka faɗa masa duk abin da ka yi bi da bi, har da abin da kake jin kunyarsa. Ba alƙali ba ne, kuma cikakken labari na rage masa lalube. Ka gaya masa ƙarara cewa ba a yarda a shafe komai ba. Abin da ya fi ma, in Yaya ya amince, a cire faifan a gabanka ka koma da shi gida, domin wannan matsalar ba ta buƙatar faifai kafin a gano ta, kuma zanen gidajen mutane ba abin da za a bari a hannun kowa ba ne. Idan lokacin miƙa aikin ya matso gyara bai kammala ba, akwai mafita: faifan, ko mai faɗin nan na SATA ne ko siririn M.2 da sukuru ɗaya ke riƙewa, ana saka shi a 'yar mahaɗa ta USB a buɗe shi a wata kwamfutar, a kwashe zanen. Ko da modabod ɗin ne ya mutu, aikin zai isa hannun mai shi.

Idan akwai abin da za a saya, ka ce za ka ɗauki abin da za ka iya, ko da kaɗan kaɗan ne. Mai yiwuwa ya ƙi karɓa, amma ya ji daga bakinka. Ranar da ta tashi kuma, kafin a yi komai a kanta, a kwafe aikinsa zuwa faifan waje, a ajiye wani kwafin a intanet. Ka nemi ya bar maka wannan hidimar kana yi masa duk mako, a gabansa in ya fi so. Ka kuma roƙe shi ya buɗe maka naka asusun a Windows wanda ba shi da ikon girka ko cire komai.

Nauyin da ka ga tana yi tun farko, wataƙila ma ba ƙarancin RAM ba ne. Faifan da ya kusa cika, ko tarin manhajojin da ke tashi tare da Windows, ko zafi, duk suna kawo shi. Idan ƙura ta lafa tsakaninku, ku zauna tare ku danna Ctrl, Shift da Esc a lokaci guda, a tagar da za ta buɗe ku duba me ke cikewa a lokacin da take nauyin. In RAM ne, shi zai nemo wanda ya dace da modabod ɗinsa. Na abokinka ka naɗe shi a takarda ka mayar masa.